Kindirmo a Ƙarƙashin Kujera

Kadijatu tana tankaɗe a tsakar gidansu da ke Abbare, sai ga mahaifinta, Baffa Abbo, ya fito da ƙwaryar goron da dangin Manga suka kawo na neman aurenta. Ya dire ta a gaban yayanta Saleh.

"Mayar musu. Ba na ba maci amana 'yata."

Rariya ta suɓuce daga hannunta. "Baffa, me ya yi?"

"Me ya yi?" in ji Saleh. "Kujerar motar ogana ya ƙona! Fijo sabuwa dal! Duk sakatariya an ji. Dama wa ke ba ɗan wankin mota mata?"

Ɗan wankin mota! Haka ake kiran mutumin da ya fi rabin masu ofis sanin aikinsa. Tun da aka ƙirƙiro jiha motocin gwamnati suka cika Jalingo, Manga ya buɗe wurinsa a Mayo Gwoi, ƙarƙashin mangwarori. Ba ya wanki a rana, don sabulu kan bushe a jikin fenti. Tsumman taya ba ya taɓa gilashi. Kuma yana da doka ɗaya: kafin ya zuba ruwa, sai ya zaga motar da mai ita, ciki da waje, kowane tabo su gan shi tare.

Sau ɗaya tak ya karya dokar nan, ranar da Saleh, wanda direban wani babban sakatare ne, ya kawo motar da darduma shimfiɗe a kujerar baya. Yaya mutum zai binciki yayan budurwarsa kamar ɓarawo? Kunya ta hana shi. Sai da Saleh ya tafi ya ɗaga dardumar, ya ga yadin ya koɗe fari fat, ga wani tsami da turare bai iya rufewa ba. Da Saleh ya dawo ɗaukar motar, sai ya ɗora wa Manga laifin.

Washegarin mayar da goron, Kadijatu ta sami Manga zaune, babu mota ko ɗaya a wurin.

"Manga, kai ka yi?"

Ya shiga rumfa ya ɗauko guntun soson da ya ciro daga ƙarƙashin kujerar. "Kindirmo ne ya zube, ya ratsa har ƙasa. Da an kawo mini a ranar, kujerar zan kwance, in wanke soson da ruwan sanyi, in shanya kwana uku, shi ke nan. Amma an dirje shi da bilic mai cinye launi, an fesa turare, an rufe gilashi a rana."

"To ka faɗa mana!"

"In na faɗa, an kori Hamma Saleh. Matarsa tana da tsohon ciki. Da wane ido zan shiga gidanku?"

"Yanzu da ka yi shiru ka shiga?" Ta fashe da kuka, ta fizge soson ta ƙulle a bakin gyalenta.

Wata guda tana neman fuskar magana da Baffa ba ta samu ba. Ta rame. Saleh kuwa yana ta shiga da fita yana fito. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ta kai wa Baffa fura, ta ajiye soson kusa da ƙwaryar, ta durƙusa.

"Baffa, a cikin shanu ka girma. Ka sansana wannan. Daga kujerar ne."

Tsoho ya kai hanci.

"Nono ne." Ya juya a hankali. "Saleh, ranar Asabar ɗin nan da ka kawo mana kindirmo daga ruga, ka ce rabi ya zube a hanya. A wace mota ka je?"

"Baffa, ai... oga ya yi tafiya ne, sai na ce bari..."

"A wace mota?"

Saleh ya sunkuyar da kai. "Sori, Baffa."

"Sori? Ka sa na mayar wa mutane goronsu a kan ƙarya, ka ce mini sori?"

Da kansa Baffa Abbo ya taka har Mayo Gwoi ya ba Manga haƙuri. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Kadijatu ta tare a ɗakin mijin da ta zaɓa. Haƙuri ya yi rana.

Amma kada kowa ya ce magana ta ƙare. Aka ce a rufa wa Saleh asiri saboda iyalinsa, aka rufa. Bai taɓa zuwa sakatariya ya ce shi ne ba. Direbobin da suka guji Manga ba su dawo ba, sai 'yan tasi da masu akori-kura. Shekara huɗu ke nan, har yau in Manga ya ratsa Kasuwar Jalingo wani kan nuna shi ya ce, "Ga mai ƙona kujera."

Yara, ku riƙe wannan: kunyar da za ta hana ku bin ƙa'idar sana'arku, ku ajiye ta a gida. Wanda kuma ya ɓata sunan mutum a bainar jama'a, ba a tsakar gida zai gyara shi ba. Saleh ya san hanyar sakatariya, kullum yana bin ta. Ya je ya faɗa.