Mai Zanen da Hannunsa Ya Tsaya

Kwalin fenti ya ajiye a gabanta, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ki ba mai buƙata," ya ce. "Ni na daina."

Ta gane shi. Zanensa ne rataye a shagon kayan zane na babanta, inda take tsaron kanta. Ya ce tun da ƙaninsa ya rasu, in ya ɗauki buroshi sai hannun ya ƙi motsi. Kafin ya fita ta karɓi lambarsa.

Hirarsu ta waya ta yi nisa har ta zama soyayya, rannan ta tura masa saƙo: "Mai Kala, akwai likitar da ake zama da ita a yi magana kawai, ba allura. Ita ta taimake ni da Umma ta rasu. Don Allah ka je."

"Me zan ce mata, Sanyina?"

"Abin da ka kasa faɗa min."

Ya je. Bayan zama na uku ya kira ta, murya a dushe. Likitar ba ta ce ya yi zane ba, tambayarsa ta yi wa yake fara nuna wa in ya gama zane. Ashe ƙanin ne, tun suna yara. Ranar ya yi kukan da bai yi ba a wurin rasuwar. Sannu a hankali hannun ya sake.

Ɗan baffanta, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa Baba labarin soyayyarsu da zuwansa wurin likitar.

"Ba zan ba mai zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa 'yata ba," in ji Baba.

Ta durƙusa. "Baba, ni ma na je."

"Ke? Yaushe?"

"Lokacin da kake rufe shago ka zauna kai kaɗai. Ban so in ƙara maka nauyi ba."

Bayan kwanaki Baba ya aika a kira mai zanen. Ta laɓe bayan labule. Ba asali Baba ya tambaya ba, ba sana'a ba.

"Yaro, gaya min gaskiya. Ciwon yana raguwa?"

"Yana raguwa, Baba. Ba ya tafiya, amma mutum yana iya ɗaukarsa."

Baba ya gyaɗa kai. "Turo manyanka."

Ranar aure, Baba ya riƙe hannun angon da hannu biyu, idonsa jawur.

"Ga ta nan. Allah Ya sa ku zame wa juna sanyi, Ya jiƙan waɗanda ba su ga yau ba."

Daga ciki ta amsa da amin, hawaye na zuba.