Gonar Accar Baba Andrawus

A kakar 1974 Magdalene ta fara ganin Uchenna, a bayan coci, lokacin da 'yan kwaya, mawaƙan cocin Kafanchan, suka zauna shirya yawon kaka. Kowace shekara idan ruwa ya fara janyewa sukan ɗauki mota su tafi Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, su ci, su yi kiɗa, su dawo da yamma. A wannan shekarar Uchenna aka ɗora wa neman mota, domin yana gyaran injin jirgin ƙasa a loko kuma ya san direbobi.

"Za mu kai burodi da sadin," in ji shi.

"Burodi? A kaka?" Magdalene ta ce. "Ga acca sabuwa, ga gwaza, ga pate. Wa zai hau dutse da burodi a ciki?"

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba, kallonta kawai yake.

"Wannan baki naki kamar citta," ya ce.

Tun daga ranar yake kiranta Citta, ita kuma ta sa masa Ɗan Loko. Sati huɗu suna shirin tafiya tare: wa zai kawo ganga, wa zai busa ƙaho, wa zai dama kunu. Kafin a gama shirin, shi ya riga ya gama nasa a zuci.

Da maganar neman aurenta ta isa gidansu a Fadan Kaje, mahaifinta Baba Andrawus ya aika a kira ta.

"Yaron Ibo?" ya ce. "Ina danginsa? Shi da uwarsa kaɗai suka dawo bayan yaƙi. Ranar da gari ya sake rikicewa, zai ɗauke ki zuwa Gabas ban sake ganinki ba, ko ya gudu ya bar ki."

"Baba, a nan aka haife shi."

"Ga Rufus, ɗan garin nan, shi ma ya yi maganar aurenki, kuma na san gidansu har kakanni. Acca ta nuna. Asabar za a yanka. Wanda yake son 'yata ya zo da danginsa gona, yadda ni ma na yi wa uban uwarki. Wanda bai zo ba kafin a kawo kunun rana, kada ya sake taka ƙofata."

Ta ƙirga kwanaki. Asabar ce ranar Matsirga. Kuma Uchenna ba shi da ko ɗan'uwa ɗaya, bai ma taɓa riƙe lauje ba.

An hana ta komawa gari. Ta rubuta takarda ta ba ƙawarta Edna:

"Ɗan Loko, Baba ya ce Asabar ka zo yankan acca da danginka kafin kunun rana. Na san ba ka da kowa. Ka zo ko kai kaɗai ne. In ba ka zo ba an ba Rufus ni. Taka, Citta."

Amsar da ta zo ranar Juma'a gajera ce:

"Cittana, mota ta samu. Za mu tashi ƙarfe bakwai. Ki dafa pate mai yawa. Uche."

Ta karanta sau uku. Ba gona, ba lauje, ba Baba. Ta zauna a bakin murhu tana tunanin ko bai gane ba ne, ko ya gane ya zaɓi yawonsa. Duk da haka ta dafa paten, tana yanka yakuwa tana share ido da gefen zane.

Da safe Baba Andrawus ya raba gonar biyu da sanda. Rufus ya iso da mutum goma sha takwas, kowa da laujensa, suka afka wa nasu rabin. Ɗaya rabin yana nan tsaye, acca ta sunkuya har ƙasa, in iska ta kaɗa sai ka ji ƙwayar tana zuba. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Rufus ya zo shan ruwa wajenta.

"Na ga mutuminki a tasha jiya yana loda ganguna," ya ce. "Yanzu haka yana wanka a Matsirga. Ki bar kallon hanya, wuyanki zai yi ciwo."

Ta ci gaba da kallon hanya. Inuwar ɗorawa tana ta gajarcewa. Ta ga uwarta ta fito daga gida da tulun kunu a ka, tana tafiya a hankali, a hankali fiye da yadda ta saba.

Sai aka ji ƙaho.

Motar katako ta ɓullo tana tangaɗi a kan burtali, cike da 'yan kwaya, maza da mata, suna waƙar girbi. Uchenna ya diro kafin ta tsaya, da sabon lauje a hannu, ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, mun maƙale a rafi. Ga ni."

"Na ce ka zo da danginka. Su wane ne waɗannan?"

Malam Zamani, shugaban kwaya, ya sauko yana kaɗe wando.

"Mu ne danginsa."

"Kai Zamani, mutumin Kagoro, yaushe ka zama Ibo?"

"Tun rikicin sittin da shida, Andrawus. A rumbuna shi da uwarsa suka kwana uku kafin su sami jirgi. Da suka dawo, ƙofata suka fara bugawa. Ka ce ba shi da kowa? Ƙirga mu."

Baba Andrawus bai ƙirga ba. Ya nuna rabin gonar da sanda.

Ba su riga mutanen Rufus gamawa ba, ko kusa. Uchenna yana kama acca kamar yana kama ƙarfe, ya yanke yatsa tun a dami na biyu, Edna ta ɗaure masa da tsumma ya koma. Amma ganga ba ta tsaya ba, kuma sun ɗaure damin ƙarshe daidai da ɗigon farko. Aka ruga ƙarƙashin ɗorawa, aka buɗe tukunyar pate.

Tsohon ya kama hannun Uchenna, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Ba ka iya komai ba," ya ce. "Baɗi ka zo da wuri in koya maka."

Magdalene ta ajiye ludayi ta rufe fuska.

"Citta, kuka kuma?" Uchenna ya raɗa mata.

"Me ya hana ka rubuta cewa nan za ku zo?"

"Ai na ce ki dafa da yawa."

An ɗaura aurensu bayan Kirsimeti. Baba Andrawus da kansa ya riƙe hannunta har gaban bagadi, ya ce Ubangiji ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Allah ya amsa. Shekara arba'in da ɗaya Uchenna bai fasa zuwa yankan acca ba, har Ubangiji ya kira shi. Laujen nan yana rataye a ɗakin Magdalene har yau. Allah ya ba shi hutawa.