Akwai Nono A Tsakaninku

Mu maza in aka taɓa mana abin da muke so, sai kowa ya zama abin zargi. Ni ma ban cire kaina ba, amma Auta mai gyaran agogo ya fi ni iyawa.

Ranar da ya gaya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, cewa Malama yake son aura, tsintsiyar hannunta ta ajiye.

"Wace Malama? Ƙanwar abokinka? Rufa mana asiri! Akwai nono a tsakaninku."

"Nonon wa?"

"Na dai gaya maka."

Auta ya dubi 'yar Gwaggo da ke wanke-wanke, wadda aka daɗe ana yi masa tallarta, ya ce a ransa, to, an zo wurin! Inna, mahaifiyarsa, ta rasu, ba mai ƙaryatawa, shi ya sa.

Da aka tashi daga makaranta Malama ta biyo ta shagonsa, ido ya kumbura, don zancen ya riga ya kai kunnenta.

"Idan gaskiya ne fa, Auta...?"

"Haba sanyin idona! Ƙarya ce, zauna ki gani."

Ya ture agogunan mutane gefe, ya jawo takarda.

"Ni ne autan Inna. Na girme ki da shekara shida. An yaye ni da shekara huɗu kafin a haife ki. To nonon wa kika sha? Na Inna ya daɗe da ƙafewa!"

Ta yi dariya cikin hawaye. "Wallahi kanka yana ja."

Ya rufe shago da rana tsaka, ya tasa ta gaba har gidansu, ya durƙusa gaban mahaifiyarta, takarda a hannu kamar lauya.

"Umma, wai an ce ta sha nonon Inna."

"Wa ya faɗa? Ko ɗigo ba ta sha ba."

Auta ya waiwayi Malama, ya ɗaga mata gira.

"Me ya kawo zancen ma?" in ji Umma.

"Aurenta nake nema..."

Umma ta kalle shi. Ta kalli 'yarta, ta sake kallonsa.

"Yau ni na ga ta kaina! Duk sintirin nan ashe ba wajen yayanta kake zuwa ba? Ɗan nan, ai kai ne ka sha. Lokacin da Innarka ta kwanta asibiti, wata biyu kai da yayanta nake shayarwa."