Gwiwar Baba

"Ku cire mini wannan abin daga hannu!" Baba ya daka tsawa, ya fisge robar awon jinin ya jefar a kan kujera. "Duk ranar da yaron nan ya tako falon nan sai jinina ya hau. Kada in sake ganin ƙafarsa a gidana!"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce fa ta kawo shawarar. Tana karatun haɗa magunguna, saurayinta kuma, wanda Baba ya laƙaba wa Likitan Gobe, yana karatun likita. An haɗa su gurup ɗaya da wata ɗalibar nas, aka ce su nemi mai hawan jini su kula da shi tare. Auta ta ce ga Babanta, a zatonta idan ya saba da yaron maganar aure za ta zo da sauƙi. Garin neman ƙiba aka samo rama.

"Mama, ki sa baki mana," ta faɗa da hawaye bayan baƙin sun fita.

"In sa baki? Kafin ya fara zuwa jinin ubanku yana kwance lafiya lau. Ki zaɓa, ko soyayya ko mijina!"

Abin haushin, lambobin awon jinin ma suna bayan Mama.

Washegari a harabar makaranta, maimakon su jajanta wa juna sai suka hau faɗa.

"Anya Baba yana shan maganinsa kuwa?" in ji Likitan Gobe.

"Da hannuna nake ba shi! Kai dai ka duba awonka."

"Awona? Haba, don Allah, kada ki koya mini aikina."

"Aikin naka ne ya sa aka kore ka!"

Suka yi kwana da kwanaki ko gaisuwa babu. Auta ta rame, Baba kuma ciwon kai ya ƙi sakinsa duk da an kori mai laifin. Ta yi ta haɗiye takaici tana kai masa ruwa da ƙwaya, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Ranar da suka je gaban malamarsu, ta saurari gardamarsu har ta gaji, sannan ta buga tebur. "Kowa ya ajiye abin da ya karanta. Me idonku ya gani?"

"Ni dai ƙafafunsa na ga sun ɗan kumbura," in ji ɗalibar nas.

Likitan Gobe ya sosa ƙeya. "Zuwana na farko yana ɗingishi da gwiwar dama. Daga ranar ban sake gani ba, na ɗauka Auta ce ta ba shi wani abu."

"Ni? Ban ba shi komai na gwiwa..." Sai ta tuna da kumburin ƙafafun. Ta san irin ƙwayoyin ciwon gaɓoɓin da ke tara ruwa a jiki su tayar da jini.

Tana isa gida, ko jaka ba ta ajiye ba ta durƙusa gaban Baba. "Don Allah Baba, me kake sha saboda gwiwarka?"

Ya kau da kai. Da ƙyar ya zaro wani kwali daga aljihun rigarsa.

"Baba! Sau nawa muka tambaye ka ko kana shan wani magani ka ce a'a?"

"Wannan ai ba magani ba ne, taimako ne. Magani shi ne wanda likita ya rubuta."

"Amma me ya sa ka ɓoye?"

"To so kike surukina ya riƙa ganina ina ɗingishi kamar tsohon agwagwa?"

Mama ta riƙe haɓa. "Wa ka ce, Malam?"

Baba ya so ya janye kalmar, amma magana zarar bunu ce. Auta ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Ke, tashi ki kira shi," ya ce yana harararta. "Ya zo ya duba gwiwar nan, ya taho da yarinyar nan mai kallon ƙafafun mutane."

Aka daina ƙwayar, aka kai shi asibiti aka nema wa gwiwar wata hanya, jinin ya sauka a hankali. Da Auta ta biye wa zuciya, da ta rasa uba ko ta rasa miji. Haƙuri ya tsare mata duka biyun, ita da Likitan Gobe kuma suka yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.