Haƙoran Nomau

Ku matso. Ɗanliti, rage fitilar nan.

Kun san Nomau mai tsintar ƙashi, wanda ke cewa "shannu" maimakon sannu? Da can bakinsa cike yake da haƙora, farare tas.

Sana'arsa tsintar ƙasusuwa. Ya ƙona, ya daka, ya sayar wa masu kiwon kaji, don akwai wani sinadari a ciki, fosfaras, mai ƙarfafa su. Wata rana ya ga wani dogon ƙashi a kufan bayan rafi. Kowa ya san ba a ɗaukar ko tsinke a kufai sai an yi wa masu wuri sallama. Nomau ya ce, "Sallama? Da wa?" Ya jefa a buhu.

Ran kasuwa dare ya yi masa a hanyar rafi. Sai ga wuta. Koriya. Ba hayaƙi, ba zafi, sai warin ashana. Wata tsohuwa na zaune a gefenta, ƙafarta ta hagu a yashe a ƙasa, laƙwas kamar safar da aka cire.

"Ɗan nan," muryar kamar ana kankare tukunya, "ina ƙwaurina? Shanya shi na yi."

"Inna... na daka."

"Ina garin?"

"Kaji sun cinye."

"Ina kajin?"

"An soye."

"Ka ci?"

"Fiffike ɗaya kawai, Inna, wallahi!"

Ba ta yi dariya ba. "Abin da ke cikin ƙashi ba ya zaman gwauro. Ka raba shi da gidansa, sai ya kama wani ya manne. Yanzu yana jikinka. Buɗe baki."

Bakin ya buɗe da kansa. Ɗaya bayan ɗaya ta zare haƙoran, tana jefawa cikin fatar ƙafar. Ƙwas. Ƙwas. Ƙafar ta soma miƙewa, tana haske. Ta tashi, ta taka, ta ɗingisa.

"Ba su isa ba."

Ta kalli ƙwaurinsa.

Nomau ya yar da buhu da takalma, bai tsaya ba sai ƙofar masallaci.

Jiya na tambaye shi ko ta haƙura. Ya waiga, ya ja wando ya rufe ƙafa, ya ce, "Yarinya, har yanzu tana ɗingishi."

Don haka kada wanda ya bi hanyar rafi shi kaɗai. Ba ta tambayar ƙafar waye.