Sunan da Aka Cire Daga Binciken Hanta

Ranar da ta fara ganinsa, yana tsaye a ƙofar ɗakin gwaji riƙe da kejin ɓeraye, ita kuma tana fama da firjin da ya ƙi rufuwa. Ya tura shi da gwiwa, ya rufu. Tun daga nan take kiransa Mai Ɓeraye, shi kuma yana ce mata Hantata.

Shekara uku ta yi tana bin abu ɗaya: yadda ƙwayoyin hanta ke kunna ƙwayar gadon da ke sa su fitar da sinadarin nitirik oksaid idan cuta ta shiga jiki, da yadda suke kashe ta kafin sinadarin ya yi yawa ya lalata hantar. Da ta gano abin da ke kashewar, Mai Ɓeraye kaɗai ta ba wa kwafin sakamakon.

Bayan wata huɗu binciken ya fito a mujalla da sunan Farfesa, shugaban sashensu. Aikinta ne tsaf, amma ko a wurin godiya ba a ambace ta ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai tura wa Mai Ɓeraye saƙo: "Kai ne?"

Amsa ta zo: "Ni ne, Hantata. Alfahari da ke ya sa na nuna masa. Ban yi zaton zai ɗauke ba."

Ta toshe lambarsa. Idan suka haɗu a baranda sai ta kau da kai. Mahaifiyarta da ta ji labari ta rantse ba zai sake taka mata gida ba.

A ranar zaman kwamitin da aka kafa don bincikar lamarin, abokan aikinta duk suka sunkuyar da kai, har aminiyarta da suke cin abinci a kwano ɗaya. Mai Ɓeraye ne ya miƙe, ya faɗi ranar da ya kai kwafin da abin da Farfesa ya ce. An mayar mata da sunanta. Shi kuma ba a sabunta masa aiki ba.

Sai da ya yi wata bakwai yana aiko kawunsa neman aurenta kafin mahaifiyarta ta sauko.

Ranar ɗaurin aure, bayan 'yan rakiya sun watse, ta ce masa, "Na yafe, amma har yanzu da zafi."

"Na sani," ya ce. "Zan jira."

Daga tsakar gida suna jiyo muryar kawu yana ta sa musu albarka. Ta matsa masa wuri ya zauna.