Igiyar da Ba Ta Kuka

Ranar Talata, sha huɗu ga Agusta, gari ya waye da yayyafi mai sanyi. A jakata akwai wasiƙar ɗana, ta yi wata guda ban amsa ba. Ya bar karatu ya tafi haƙar zinariya, sana'ar da ta ci ubansa. Ya lissafo kayan da zan saya masa a gari: diga, guduma, rariya, fitilar goshi, da baƙin farantin wanke ƙasa, don ƙwayar zinariya ta fi fitowa a kan baƙi. Daga ƙasa ya ƙara da cewa, "Igiya kuwa, Umma, ke za ki zaɓa. Kin fi ni ido."

Wannan layin ne ya ɗaure mini hannu.

Shekara tara da suka wuce, ni na zaɓa wa ubansa igiya. Mahaƙa igiyar rama suke so, mai kaushi, domin tana kuka kafin ta tsinke, na cikin rami ya ji ya nemi abin kamawa. Ni malamar kimiyya na ce wannan tsohon yayi ne. Na sayo masa shuɗiya ta roba, mai sheƙi. Ya yi dariya ya ce, "To, Malama, boko ya yi magana." Igiyar ba ta yi kuka ba, tsinkewa kawai ta yi. Ramin yana da ruwa a ƙasa, ko gawarsa ba a samu ba. Ɗana bai san wanda ya sayo ta ba.

Sai gab da magariba na isa shagon kayan ƙarfe. Mai shagon, wani dattijo, ya karanta takardar ya dube ni.

"Baiwar Allah, ke za ki shiga ramin da wannan takalmin?"

Ya ƙwanƙwasa ƙotar diga uku kafin ya yarda da ɗaya. Da aka kira salla ya ɗauki buta.

"Igiyoyi na can ciki. Ki duba, ina nan bakin ƙofa."

Ciki da duhu. Warin tsatsa da man inji. Na wuce buhunan ƙusa, sai warin ya sake: jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta can ƙarƙashi, wadda na saba wankewa daga rigunan mijina.

Ruwa na ɗiga a wani wuri.

Wata igiya tana rataye a ƙusa ta ƙarshe. Shuɗiya. Duk laka. Ƙarshenta ya miƙe ya shige bayan kantar shagon, a ɗame, kamar da nauyi a jikinta.

Ta motsa. Sau uku.

Alamar mahaƙa ce: ja ni sama.

Na san ya kamata in fita. Na ajiye jakata na kama.

Nauyin mutum ne. Na ja, tafin hannuna na zafi. Na ji numfashi yana matsowa.

"Malama," in ji muryar mijina, a hankali. "Kin daɗe."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Ka yafe mini."

"Sayo wa yaron irinta. Ni kaɗai ne a nan."

Na saki. Ita ba ta sake ni ba. Ta naɗe wuyan hannuna, sanyi ƙalau, ta fizge ni. Gwiwata ta bugi ƙasa. Bakina ya cika da ɗanɗanon laka.

Na kira sunan Allah, muryar ba ta fita.

Sai ƙarar adda a kan siminti.

Dattijon ne tsaye a kaina yana haki. A ƙasa babu igiya, sai ruwa kwance da shatin sara.

"Ban taɓa ajiye shuɗiya a shagon nan ba," in ji shi, bai dube ni ba. Ya sauko da ta rama, ya ja ta a gwiwarsa. Ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. "Kin ji? Wannan tana da baki."

Har yau akwai zobe ja a wuyan hannuna, yakan yi sanyi in hadari ya haɗu. Na sani aljani kan ari murya. Abin da ke damuna shi ne, na yi kewar muryar.

Ran Alhamis na aika kayan a mota. Wasiƙar kuwa shafi huɗu ce. Na faɗa wa ɗana wanda ya zaɓi igiyar ubansa, da dalilin. Na ce in ta ramar ta yi kuka ya fito, in ya ji an kira shi daga ƙasa kada ya amsa. Ban roƙe shi gafara ba, wannan nasa ne.

Na daɗe tsaye gaban akwatin gidan waya. Sannan na saki wasiƙar ciki.